Ƙofar da Ake Shuka Kuɓewa a Cikinta

Dalilin da ya sa ƙofar garin nan namu na Kwandama take cike da ƙasa har wuya, ana shuka kuɓewa a cikinta, kowa kuma yana raɓawa ta hanyar awaki in zai shigo, ba abin dariya ba ne. Na gan ku ɗazu kuna ƙyalƙyalawa da baƙon nan mai gishiri ya ce bai taɓa ganin garin da ake noma ƙofarsa ba. Shi baƙo ne, an yafe masa. Ku kuwa da kuke wuni kuna zamiya a kan Sanƙo har wandunanku sun huje, ko sau ɗaya ba ku tambayi abin da ya tuɓe dutsen can tsirara ba. To ku zauna. Ke Ladingo, saki kunnen ƙanenki. Yau sai kun ji abin da kakanninku suka aikata, don ni ba na cikin masu rufa musu asiri.

A da can, zamanin da mahara ke yawo suna kwasar mutane, kakanninmu suka gudo suka hau dutsen nan. Sun sami tsira, sun sami ruwa a kwarmin nan na bayan kuka wanda ba ya ƙafewa, amma ba su sami wurin shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Ku shafa inda kuke zaune ku ji. Falale ne guda, sumul, tun daga nan har gindi.

Saboda haka duk ƙasar da kuke gani a gonakin garin nan, a ka ta hau. Mata ke sauka da ƙwarya, su wuce garin Fako da ke gindin dutse, su je har bakin rafi su ɗebo, su hawo da ita suna nishi. Maza kuma su tsinci duwatsu su jera shinge a bakin gangare don ya tare ta. Haka aka yi ta yi, uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika, har duk wani dutsen da hannu ke iya ɗagawa ya ƙare a cikin shinge. Ƙasa ta yi tsadar da in taɓo ya manne wa mutum a ƙafa, sai ya je gonarsu ya kankare shi kafin ya shiga ɗaki.

Daga nan aka kafa doka, ku riƙe ta da kyau don za mu dawo kanta. Ƙasa ta wadda ta ɗauko ce, ita da zuriyarta, ba a kwashe ta a zuba a gonar wani, wannan ya fi satar akuya muni. Wanda kuma ya watsar da ko cikin tafi ɗaya ya gangara da gangan, ba mai ba shi 'ya, ba mai cin tuwon gidansa.

A wancan lokaci gonar da ta fi kowace faɗi da zurfi tana gabas, daidai inda kuke zamiyar nan. Ta wata mata ce, sunanta Tabawa. Kakarta ta fara zuba ƙasar. Uwarta ta ɗora, ta yi ta ɗauka har wuyanta ya lanƙwashe, in za ta duba hadari sai ta kwanta rigingine. Tabawa ta gaji ƙwaryar ta ci gaba, tana ƙarawa da toka da kashin awaki, har ƙasar ta yi baƙi-baƙi, dawarta kuwa sai mutum ya ɗaga kai. Mijinta ya rasu. 'Ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna goye, cibiyoyinsu suna binne a kusurwar gonar. Ba ta da wa, ba ta da ƙane, ba ta da ɗan da zai zauna mata a gindin kuka in ana shawara. Amma in hatsi ya ƙare wa mutane a tsakiyar damina, hanyar rumbunta kowa ya sani.

Mai garin lokacin sunansa Magaji Ɗanbaushe, mutum mai son a ce da shi sannu. Wata ranar kasuwa da rani ya sauka Fako. Ya tarar mutanen Fako sun zagaye garinsu da ganuwar laka, sun yi mata wata karkatacciyar ƙofa, suna ta shiga suna fita ba gaira ba dalili, don dai a gan su. Sarkin Nomansu, wani dogon mutum mai surutu da ake kira Nomau, ya hango Magaji ya ɗaga murya yadda duk kasuwa za ta ji.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. In baƙo ya zo garinku, ta ina yake yin sallama?"

Magaji ya ce, "Ta inda ya ga mutane mana."

Nomau ya ce, "Af, ashe ba ƙofa! Ai birai ma haka suke zaune a kan dutse, duk ta inda aka ɓullo gida ne."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wasa ne fa, mu da Fako abokan wasa ne tun fil azal, mun faɗa musu abin da ya fi wannan sun shanye. Amma Magaji ya hawo maganar tana cinsa a rai, ko furar da aka dama masa bai iya sha ba. Kashegari ya tara maza a gindin kuka ya ce sai Kwandama ta yi ƙofa, wadda in an tsaya a Fako aka ɗaga kai sai hula ta faɗi. Maza suka ce haka ne, don su ma dariyar ta ƙona su.

Sai aka zo kan da me za a gina. Laka dai ba mai ba da tasa. Dutse kuwa duk yana cikin shinge. Kowa ya sunkuyar da kai yana tunanin gonarsa. Can sai wani mai suna Korau, wanda ya fi kowa iya jera dutse, ya yi gyaran murya ya ce, "Shingen Tabawa dai ya fi na kowa tsawo, duwatsunsa kuma manya ne."

Nan da nan kawuna suka ɗago. Wannan ya ce gaskiya ne, wancan ya ce ai aro ne kawai, kafin ruwa ya sauko za a hura wuta a kan falale a fasa sababbi a mayar mata. Kada wanda ya ce muku ba su san abin da zai faru ba. Yaron da bai gama yaye ba a garin nan ya san abin da ruwa ke yi wa gonar da ba shinge. Sun sani sarai. Sun dai duba ne suka ga gonar da ba mai tashi tsaye ya yi rantsuwa a kanta.

Aka kira Tabawa. Ta durƙusa ta gaida Magaji, aka faɗa mata abin da aka yanke.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ƙofar gari ce, a ɗauki dutse ɗaya-ɗaya a shingen kowa. Nawa ma a ɗauka, ban hana ba."

Magaji ya ce, "Shingen kowa zai yi giɓi ke nan. Gara a taɓa wuri ɗaya."

Ta ce, "To a taɓa naka."

Kai, ka ga idon maza! Wani ya ce ta yi rashin kunya, wani ya ce rashin miji ne ya sa bakinta ya yi tsawo. Magaji ya ce, "Tabawa, ki iya bakinki. Aro aka ce. Ko kina ganin gari guda zai yi miki ƙarya?"

Ta ce, "Ni dai ina ganin gari guda ya zo gonata."

Haka suka je suka rushe shingen. Mutanen da suka ci dawarta a damina su ne suka yi layi suna miƙa wa juna duwatsun, har da waƙa. Suka gina ƙofa a yamma, a kan hanyar da ke hawowa daga Fako. Ƙofa ce kawai fa, ba ganuwa, ba ƙyaure, tana tsaye ita kaɗai kamar wanda aka ce ya jira aka manta da shi. Amma ta yi tsawo, ban hana ta ba. Aka gayyato Fako, aka yi kiɗa, aka sha fura, Nomau ya shiga ya fita ya ce lallai yanzu Kwandama ta zama gari. Magaji ya yi ta washe baki har ana ganin dasashi.

Maganar fasa sababbin duwatsu kuwa, sau ɗaya aka hura wutar. Falale ya ɓare 'yan ɓawo kamar na rogo, maza suka ce zafi ya yi yawa, a bari sai gobe. Gobe ta zama jibi. Tabawa ta yi ta sintiri gidan Magaji, yau a ce yana barci, gobe a ce yana da baƙi. Da ta ga iska ta juya, gajimare ya fara taruwa a gabas, sai ta shiga kare gonar da abin da hannunta ya kai. Ta kafa kara, ta jera ƙaya, ta cire zanan gidanta ta ɗaura, har tabarmar da take kwana a kai. Maƙwabta suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Inna." Ba wanda ya ciri dutse ɗaya daga shingensa ya ce ga wannan.

Ruwan farko ya zo da la'asar, irin mai ƙarfin nan da ke kwantar da rumfa. Kowa ya gudu ɗaki. Tabawa ta fita ta jingina bayanta da zana, ta kafe ƙafafu tana tokarewa. Ina! Kara ya karye, zana ya yage, gona ta motsa gaba ɗayanta ta sulale kamar kunu daga bakin ƙwarya. Ƙasar kakarta, da ta uwarta, da tata, da cibiyoyin 'ya'yanta, duk suka bi ta gefenta suka gangara. Kafin a ɗauke ruwa, dutse ya fito fes, yana ƙyalli. Aka same ta zaune a tsakiyarsa ta rungume ɗan abin da ta tara a haɓar zanenta, bai cika akushi ba.

Sai ga mutane sun zo jaje. "Allah ya mayar da alheri, Inna." "Haka Allah ya so." Wannan maganar ita ce ke tafasa mini jini har yanzu. Ruwa dai na Allah ne, ban musa ba. Amma waƙar da aka yi ana miƙa duwatsu, da bakin wa aka yi ta?

Ƙasar kuwa ba ta yi nisa ba. Ta sauka ta kwanta luf a kan gonar Nomau, wani fili mai tauri wanda ko ƙaya ba ta son fitowa a cikinsa. Tabawa ta je wurin Magaji ta ce ya sauka ya karɓo mata haƙƙinta. Ya ce ba zai je ya tsaya a gaban Fako ya ce ƙofarsa ta cinye gona ba, a yi masa dariya ta biyu. Ta dube shi, ta ɗauki ƙwaryar uwarta ta sauka ita kaɗai.

Ta tarar da Nomau yana takawa a kan baƙar ƙasa, ƙafarsa na nutsewa, bakinsa har kunne, mutanen Fako sun taru suna taya shi murna.

Ta ce, "Sarkin Noma, na zo ɗaukar ƙasata."

Ya ce, "Wace ƙasa, Inna? Ƙasa tana da shaida a kunne ne kamar tunkiya?"

Ta ce, "Kai ka san launin gonarka jiya. Shinshina wannan ka ji, tokar murhun uwata ce."

Ya ce, "Ni dai ban hau na sato ba. Da ƙafarta ta zo, baƙon da ya zo da ƙafarsa kuma ba a korarsa." Aka yi dariya. Da ya ga dariya ta karɓe shi sai ya ƙara. "Amma don kada a ce na zalunci tsohuwa, abin da kanki ya iya ɗauka, ɗauki. Ke da duk ɗan Kwandama da ya ga zai iya, yau da gobe har abada. Ban da jaki dai, ban da mangala."

Ta ce, "Maimaita, mutanenka su ji."

Ya maimaita, har da ɗaga hannu sama. Ya duba ne ya ga mace ɗaya mai furfura da ƙwarya ɗaya, ga gona kuma iya ganinka.

Ta cika ƙwarya ta ɗora a ka ta kama hawa. Mutanen Kwandama suna leƙe, kowa na zaton gabas za ta nufa ta zuba a kan dutsenta, ruwa ya sake wankewa, su ce wayyo. Da ta iso ƙofa sai ta tsaya a tsakiyarta, ta sauke, ta juye.

Korau yana zaune a inuwar ƙofar yana sha'awar aikinsa. Ya ce, "Inna, nan fa ƙofa ce."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Wancan dutsen mai jan baki kakana ya mirgino shi. Wannan da ka jingina da shi, a kansa uwata ke sauke ƙwarya ta huta. Shingena yana nan, ƙasata ta zo wurin shingenta."

Ta juya ta sake sauka.

Da fari ana tsallakewa ana murmushi, ana cewa baƙin ciki ne ya taɓa ta, za ta gaji. Ba ta gaji ba. Kullum tana hanya, ta sauka ta hawo, ta juye ta daddanna da ƙafa. Duwatsun nan kuwa suka riƙe ƙasar gam ta dama da hagu, ai aikinsu ne tun asali. Tudu ya kai idon sawu, ya kai gwiwa. Ranar da Magaji ya zo wucewa da babbar riga ya yi tuntuɓe ya dafa ƙasa da hannu biyu a gaban mata masu ɗebo ruwa, ranar ya ce abin ya isa. Ya tara samari da fartanya da kwanduna, ya sa Korau a gaba, ya ce a kwashe.

Suka zo suka tarar da ita zaune a kan tudun. Ba ta hana su ba, ta ma matsa gefe. Korau ya ɗaga fartanya, sai ya tsaya da ita a sama.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun kwashe ina za mu kai?"

Magaji ya ce, "Ku zuba a gonar da ta fi kusa."

Mai gonar ya yi tsalle ya ce, "Ba a tawa ba! A ce na ci ƙasar wata? 'Ya'yana mata suna nan ba su yi aure ba."

Magaji ya ce, "To ku watsa ta gangara."

Samari suka ja da baya, kowa ya ɓoye hannunsa. Tabawa ta tashi ta cika ƙwaryar uwarta ta miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, babba ke farawa. Ga bakin dutse can, ga Fako suna kallo."

Bai karɓa ba. Ya ce, "To a mayar mata a kan dutsenta, kowa ya huta."

Ta ce, "Madalla. Da shingena."

A nan ne fa, yara, ƙofa ta buɗe wa Magaji Ɗanbaushe ya zama mutum. Cewa kawai zai yi a rushe, a mayar wa mata duwatsunta. Maza suna nan, hannuwansu suna nan, abin da aka yi layi aka kawo ana iya yin layi a mayar. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar, ya leƙa ya dubi Fako. Sai ya lura cewa daga can gindin dutse in an ɗago kai, tsawon ƙofar ake gani, ba a ganin abin da ke cikinta. Ya ce a bar ta haka. Ya tattare babbar rigarsa ya raɓa ta hanyar awaki, ƙaya tana jan ta, maza suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Allah wadaran naka ya lalace!

Tabawa ta ci gaba da ɗauka har wuyanta ya lanƙwashe irin na uwarta. Ta shuka kuɓewa da 'yar dawa a cikin ƙofar. Me gonar da faɗinta bai wuce tabarma biyu ba za ta ba mutum? Matar da ta ciyar da rabin gari ta koma tana auna tsaba da tafin hannu. Kunya ta sa ana aika mata tuwo, tana mayarwa, tana cewa ba tuwo ta tambaya ba. Daga baya mata suka fara, in sun sauka kasuwa sai kowace ta damƙo cikin tafi daga gonar Nomau ta zo ta zuba a ƙofar, ta wuce. Nomau ya ga abin ya wuce mace ɗaya, ya so ya yi magana, aka tuna masa hannun da ya ɗaga.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, wata maƙwabciyarta mai suna Dela ta shiga duba ta. Don ta faranta mata rai ta ce, "Inna, albishirinki. Ƙofa ta cika, yau ko akuya ba ta iya bi ta ciki. Kin yi nasara a kansu."

Tabawa ta juyo gare ta. Ta ce, "Dela, ni ba so na yi ta cika ba. So na yi a rushe ta."

Ba ta ƙara wata magana a kan ƙofar ba har ta cika.

Shi ya sa har wa yau ƙofar Kwandama take toshe, kuɓewa na fure a cikinta, Magaji da talaka kowa na raɓawa ta hanyar awaki. Shi ya sa duk ɗan garin nan in zai hawo sai ya damƙi ƙasa a gonar jikokin Nomau, suna gani ba su da bakin magana. Shi ya sa gabas ta zama Sanƙo, garin da ake kira Fako kuma yake da fadama. Raken nan da kuke sayowa a kasuwarsu kuna cewa ba mai zaƙinsa, a kan wuyan uwar Tabawa ya tsiro.

Mu kuma muna nan muna zuba cikin tafi muna jin mun biya. Duk Magajin da aka naɗa sai ya ce baɗi za a rushe a mayar da shinge, tun ina kamar Ladingo nake jin baɗin nan. Duwatsun suna nan inda aka jera su, ko ɗaya bai ɓata ba. In kun girma hannuwanku sun yi ƙwari, kun dai san hanyar gabas. Kafin nan, kada in sake ganin ɗayanku yana zamiya a gonar matar nan.